Yadda 'yata ta kore ni daga tekun Shu'aiba

Jarwal, ƙarfe huɗu da kwata na asuba

Ranar Asabar, ana gama kiran farko a Harami, Usmanu ƙanena ya tsaya da motarsa a bakin lungunmu nan Makka yana ta danna hon, sai ka ce an ce masa tekun zai tashi ya bar mu. Matan unguwa, kun ishe ni da tambaya, wannan ta shigo ta ce yaya aka yi, waccan ta bugo waya ta ce ta ji an ce. To ga labarin nan na rubuta sau ɗaya in huta. Wadda ta ga rubutun ya karkace ta yi haƙuri, a aji huɗu na tsaya.

Ga waɗanda ba su san tushen maganar ba: Rahma autata ce, shekararta ashirin da shida. Tun da mahaifinsu ya rasu, yayyenta kuma suka yi aure suka watse, daga ni sai ita a gidan. Ta je Jidda ta koyi nutso a teku har aka ba ta takardar koyar da mata. Sai ga aiki ya zo mata daga Umluj, can arewa, gaba da Yanbu. Suka ce ta ba su amsa kafin azahar ɗin Lahadi. Ita kuma ta ce ba inda za ta sai na sa mata albarka. Sau uku ina cewa a'a. Hujjata kuwa mai ƙarfi ce: yarinyar nan ba ta da baki. Ko takalmi mai kanti ya ba ta ƙafar hagu biyu, sai dai ta ce na gode ta taho. Wa zai tura irin wannan cikin baƙin mutane?

Ta ce, "Ummi, ki zo ki ga aikina sau ɗaya tak. Duk abin da kika ce bayan nan, shi ke nan."

Na yarda, don amsata tana ƙulle a bakin mayafina tun kafin mu fita.

Mu huɗu ne a motar: Usmanu, Rahma, ni, sai ƙawata Kaltume. Ita Kaltume tana 'yar shekara bakwai aka ƙetaro da ita daga Sudan a jirgin ruwa, ta yi ta amai har Jidda, ta rantse ita da teku sai a lahira. Ta ce ta biyo mu ne kawai don kada labarina ya zo mata ta bakin wani.

Akwai abin da ban gaya wa kowa a motar ba. Da kuka ji tsohon jirgin ruwan da za mu gani a tekun murjani ya lulluɓe shi, ku tara kuka ce in taho muku da tsaraba, ni kuma na amsa. Shekara goma sha ɗaya rabona da fita daga Makka, in ban da Mina da Arfa da Muzdalifa wurin sayar da masa. Yaya mace za ta yi tafiya irin wannan ta dawo hannu biyu? Sai na ɗauki cokalin ƙarfen da nake juya masa da shi, da 'yar jakar nan ta zuba tsakuwar jifa, na cusa a cikin kayana.

Hanyar Lis, biyar da minti goma

Muka bi hanyar da ke zuwa Lis. Da muka wuce alamar iyakar Harami, Kaltume ta dafa ni ta ce, "To Maryama, kin fita. In kika mutu yanzu sai dai Usmanu ya ninke kujerar baya ya maido da gawarki."

Na ce, "Allah ya sa ke zai fara ninke wa."

A wani gidan mai muka yi sallar asuba. Daga nan muka ci ful, dafaffen waken nan, da gurasar tamis mai zafi, muka kora da shayin Adan. Riyal ashirin da biyu mu huɗu, ful ɗin kuma gishiri bai ji ba, amma ban ce komai ba sai sau biyu.

Usmanu mutum ne da in ya ƙoshi sai wa'azi ya taso masa. Ya ce malaminsu ya gaya musu Shu'aiba ita ce tashar ruwan Makka tun kafin Jidda. Wai ma lokacin da Ƙuraishawa za su sake ginin Ka'aba, wani jirgi ne ya fashe a gaɓar nan, suka je suka kwaso katakonsa suka yi rufi. Na ce, "Ashe!" Na adana maganar nan a raina, na san za ta yi min rana.

Hanya shiru, sai yashi da raƙuma jifa-jifa. Rahma tana gaba tana duba sunayen matan da za ta shiga ruwa da su a wayarta.

Shu'aiba, bakwai saura kwata

Mitar motar ta nuna kilomita ɗari da 'yan kai lokacin da muka tsaya a shingen masu gadin gaɓa. Wani jami'i ya karɓi katunanmu, ya duba takardar izinin Rahma, ya leƙo ya dube ni, ya tambaye ni da Larabci, "Ya Hajja, kin iya iyo?"

Na ce, "Ɗana, shekara talatin ina ratsa Mina ranar idi da tire a ka, ban taɓa zubar da masa ɗaya ba."

Ya yi dariya ya ce, "Wuce, teku ya ji tsoronki."

A bakin ruwa muka tarar da mata biyar suna jiran Rahma: likita ɗaya da ƙanwarta daga Jidda, sai ɗalibai uku. Mai kwalekwalen wani dattijo ne, Ammu Salim, rana ta gasa shi har ya fi ni baƙi. Aka kai mu wata rumfa muka sauya kaya. Rigar ruwan doguwa ce, daga wuya har idon sawu, da hularta, ba abin da ke waje sai fuska. Aka ɗora min rigar hana nutsewa a kai, aka zuge. Kaltume ta zagaya ni ta ce, "Wallahi tukunyar gas sak. Saura a jona ki da murhu." A nan ne, tana can tana dariya, na zura cokalina a hannun riga, jakar kuma na tura a ƙirji.

Sai Rahma ta tsaya a gabanmu ta fara bayani. Ni dai na ji murya, na waiga in ga wace ce. Muryar da a gida sai na ce "me kika ce?" sau biyu, ita ce yau take tashi har bakin ruwa. Ta nuna mana gilashin ido, da bututun numfashi, da takalman nan masu kama da ƙafar agwagwa. Ta ce doka uku ce: kada a saki igiya, kada a taka komai, kada a taɓa ko a ɗauki komai. "Wadda ta taɓa, ta fita daga ruwa. Ko wace ce."

Na gyaɗa kai kamar yadda alhazai ke gyaɗa wa jagoransu kai a Mina, su kuma bi ta inda ransu ya so.

Wurin jirgin, takwas saura minti goma

Minti ashirin muka yi a kwalekwale. Kaltume ta manna lemon tsami a hanci, ta rufe ido tana salati. Ni kuwa tun daga nesa na hango shi: ƙaton jirgi ya kwanta a gefe ɗaya, rabinsa a sama ya yi ja da tsatsa, tsuntsaye sun yi masa fari-fari da kashi, rabinsa a cikin ruwa. Na tambayi Ammu Salim ko mutum nawa suka mutu, in yi musu addu'a. Ya ce iyakar saninsa ba wanda ya mutu. Dutse jirgin ya hau, mutane suka sauka, masu shi suka yi ta cewa za su zo su janye shi har yau.

Na ce, "A Jarwal da ka bar gida wata shida ba kowa, ka dawo ka tarar da otal."

Ya ce, "Nan ma otal ne, ya Hajja. Shiga ki ga baƙin."

Shigata ruwa ba abin alfahari ba ce. Na sauka matakala uku, a ta huɗu ƙafata ta nemi ƙasa ta rasa. Na riƙe igiya da hannu biyu, na fara Ayatul Kursiyyu da bututu a baki, sai ruwan gishiri ya bi ta maƙogwarona har hanci. Na ɗago ina tari ina kiran sunan mahaifiyata da ta rasu tun ina amarya. Rahma ta tallafo haɓata ta ce, "Ummi, a zuci za ki karanta. Ki ja numfashi a hankali. Ina riƙe da ke." Na ce wa zai kai ni. Ta ce, "Sa fuskarki kawai. Ƙirga uku."

Na sa.

Abin da ya fara zo min ba gani ba ne, ji ne. Na zaci ƙarƙashin ruwa shiru ne. Ina! Wani ƙara ne ƙus-ƙus-ƙus ta ko'ina, daidai da man gyaɗa in ya yi zafi a tanda aka zuba ƙullu. Can kuma na ji ƙaras, ƙaras, na duba, ashe wani kifi ne kore da shuɗi, mai baki irin na aku, yake gatsar dutse kamar tsohon da ya samu farin goro.

Sannan na ga jirgin. Ba zurfi, wani wurin ma da na miƙa ƙafa zan taɓa. Ga taga, ga ƙofa, ga matakala ta hau sama ba ta kai ko'ina ba. Amma ƙarfen duk ya ɓace. Murjani ya bi shi ya rufe, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar farin kabeji, wani shimfiɗe kamar faifai, ruwan hoda da ɗorawa da shuɗi. Su kuma baƙin otal ɗin, wallahi aikin Hajji ne sak. Ga wasu ƙanana masu ratsin ɗorawa, sun fi ɗari, suna tafiya a dunƙule, in na gaba ya juya duk su juya, na ce waɗannan alhazan Indunusiya ne. Ga wasu baƙaƙe biyu suna ta kora juna a bakin taga, na ce namu ne, rigimar masauki ake. Ga wani ƙato shi kaɗai, leɓe a sake, yana ta zagaye wuri ɗaya, na ce bawan Allah ya ɓata, ya kasa gane tantinsu. Na yi dariya, na sake shan ruwa.

Ban ɓoye muku ba, na manta da kaina na ɗan lokaci. Har na ce a raina, ashe abin da yarinyar nan ke gani ke nan in ta dawo gida ta zauna shiru tana murmushi ita kaɗai.

Sai ɗaya daga cikin ɗaliban ta kira Rahma, gilashinta ya cika da ruwa. Rahma ta sa hannuna a igiya ta ce, "Minti ɗaya, Ummi." Igiyar kuwa ta bi ta saman wani ƙarfen baranda, ga rassan murjani nan reras, tsawon hannu ɗaya daga cikina. Na tuna da ku tara. Na zaro cokali.

Rigar hana nutsewar nan ta ƙi ba ni haɗin kai, in na danna ƙasa ta dawo da ni sama. A karo na uku na samu na ƙwanƙwasa. Wani reshe kamar ɗan yatsa ya ɓalle. Kafin in tare shi ya sulale, yana juyawa a hankali har ya faɗa cikin duhun taga. Inda ya karye ya yi fari fat. Na ɗaga cokali zan sake, sai na ji an damƙe wuyan hannuna.

Muka ɗago kai tare. Ta cire bututunta.

"Ba ni."

"Ke Rahma, tsaraba ce fa. Mutum tara kawai."

"Ummi, ba ni cokalin."

"Ƙuraishawa ma da suka fi ki daraja sun ɗebi kayan jirgi a nan wurin. Tambayi kawunki."

"Su katako suka ɗeba. Wannan rai gare shi. Ɗan abin da kika karya, shekaru ya yi yana tsirowa." Ta karɓe cokalin ta soke a ɗamararta. "Ki koma kwalekwale."

"Wa? Ni?"

"Na faɗa a gaban kowa. In na bar ki yau, gobe da wane baki zan hana wata? Magana ta ƙare, ya Ummi."

Ta kama wuyan rigata ta baya, ta ja ni a kan ruwa kamar ragon hadaya, likita da ƙanwarta da ɗalibai uku duk sun ɗago gilasai suna kallo. Minti ashirin da biyar na yi a tekun Allah, 'yar cikina ta sallame ni.

A cikin kwalekwale, takwas da rabi zuwa goma

Kaltume ta warke nan take. Ta jefar da lemon tsamin ta ce, "Maryama! Ke da kike bin alhazai da masifa in sun tsinki ganye a Harami? Ke da kika sa wata 'yar Zinder kuka don ta cika jaka da tsakuwar Muzdalifa za ta kai gida?"

Na ce, "Wannan daban."

"Daban ne mana. Ita ba 'yarta ce ta kama ta ba."

Ammu Salim ya miƙo min shayi a kofin takarda. Ya ce ya daɗe yana ɗaukar masu koyar da nutso, da yawansu in mai hali ya karya abu sai su kau da kai, kada ciniki ya ɓaci. Wadda ta fitar da uwarta kuwa, yau ya fara gani.

Na ce, "To ta fitar da kanta daga Umluj."

Na juya wa teku baya. Amma kun san wuya ba ya jin magana. Ina satar kallo na ga tana ƙirga kawuna kowane ɗan lokaci, leɓenta yana motsi. Na ga likitar nan, mace da girmanta, ta firgita ta saki igiya tana bugun ruwa, Rahma ta isa gare ta kafin in gama cewa innalillahi, ta juya ta rigingine, tana yi mata magana a kunne har ta lafa. Ko sau ɗaya ba ta dubi inda nake ba.

Masauki, sha biyu da rabi

Usmanu ya kama mana ɗaki a wani wurin hutawa kusa da gaɓa zuwa la'asar. Na'urar sanyin ɗakin ta fi injin markaɗe ƙara. Aka kawo sayadiyya, shinkafar nan mai ruwan ƙasa da soyayyen kifi. Na ce ni ba zan ci wanda na gani a gidansa ɗazu ba. Daga baya na ci guda ɗaya da rabi, don kada a yi asara.

Rahma ta ɗauki nata ta fita baranda. Kaltume ta suɗe hannu ta dube ni.

"Kin ce ba ta da baki. Yau kin ji bakin."

"Na ji rashin kunya dai."

"Maryama, shekara arba'in muna tare, kada ki yi min. Ba teku kike tsoro ba, ba kunyarta kike tsoro ba. Wa za ki yi wa surutu in ta tafi? Shi ne kawai."

Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Ta ƙi tashi, ta ma miƙe ƙafa. Haushin da na ji ya fi na cikin ruwa, don na cikin ruwan ina da abin faɗa, wannan kuwa na laluba ko'ina ban samu ba.

Can sai ga Rahma ta shigo, ta durƙusa a gabana, idonta ja, ban sani ba ko gishiri ne. Ta ce, "Ummi, ki yafe min kunyar da na ba ki. Gobe zan rubuta musu ba zan zo ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma in aka sake yau, sai na sake fitar da ke."

Na ce a miƙo min ruwan alwala.

Komawa, huɗu da minti goma

Muka kamo hanya bayan la'asar. A gefen titi na sa aka tsaya na sayi kankana uku, su ne kuka ci a daren ranar, ba wadda ta ce ba daɗi. Daga nan Usmanu ma ya rasa wa'azi.

Biyar da minti ashirin da biyar muka iso alamar iyakar Harami. Na ce, "Usmanu, shiga ciki kaɗan ka tsaya." Ya tsaya. Na ce Rahma ta juyo. Na ɗora hannuna a kanta, mayafin duk ƙanshin gishiri.

Na ce, "Ki je. Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki a sama da ƙarƙashin ruwa. Wadda duk ta taɓa, ki fitar da ita, ko matar wane ce."

Ta kama hannun ta kifa fuskarta a kai, kafaɗunta suna rawa.

Na ce, "Ban gama ba. Sharaɗi ɗaya. Kullum bayan magariba ki kira ni. Ba sai kin yi magana ba, ki dai saurara."

Usmanu ya tayar da mota ya ce, "Yaya, ai gara ki ce ta zauna a ƙarƙashin ruwan."

Kaltume ta yi dariya har da tari, Rahma ma tana kuka tana dariya. Ni ban yi ba, ina kallon fitilun Makka suna tasowa.

Jarwal, shida da minti biyar

Ana kiran magariba muka shigo lungu. Na gode wa Allah da ya fitar da mu lafiya ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Usmanu da mansa da haƙurinsa, da Ammu Salim da shayinsa. Kaltume kuwa sai na huce tukuna.

Rahma ta aika musu amsa da safiyar Lahadi. Juma'a ta sama za ta tafi, ina nan ina ta soya mata yaji da dambun nama kamar can ba a cin abinci. Saboda haka daga ranar Asabar ƙofata a buɗe take tun hantsi. Ba sai kun yi sallama sau biyu ba, ba sai kuna da dalili ba. Ku dai riƙa shigowa.